Haruffa Huɗu a Jikin Kwali

Alhaji Dikko Mai Inji ya shekara goma sha tara a Dubai ba wanda ya taɓa kiransa mugun uba. Ranar da aka tashi kiran kuwa, ba da baki aka yi ba balle ya rama. A rubuce aka yi, da Turanci, aka kuma ajiye inda duk mai waya zai gani.

Sana'arsa injinan mota ne na hannu daga Japan. Yana sauke su a wani sito a Al Khabaisi, ya ware na warewa, ya ɗaure na ɗaurewa, ya loda kwantena zuwa Legas, daga can tirela ta kai Ƙofar Ruwa a Kano. Kowane ɗan kasuwa da lambar da yake sa wa kayansa don kada su ɓace a cikin na jama'a. Tasa haruffa huɗu ne a cikin da'ira, MHFZ, da 92 a ƙasansu, kuma shi da hannunsa yake rubutawa, ba ya wakilta kowa. Boko aji huɗu ya yi. Amma yana jin Turancin ciniki da Larabcin ciniki, ya je Japan sau goma sha ɗaya, kuma idan ya kara kunne a jikin inji zai gaya maka irin wahalar da mai motar ya ba shi.

Ran wata Litinin da hantsi, cikin watan Satumba na 2018, ya shiga ofishin abokinsa Labaran, mai harkar jigilar kaya a Deira, don su daidaita ranar lodi. Tun daga bakin ƙofa ya ga Labaran na murmushin da bai yarda da shi ba.

"Marhaba da manyan baƙi," in ji Labaran. "Ashe har ka shiga littafi, mu muna nan muna ɗaure kwali."

Dikko ya ce ya bar wasa, zafi ake yi. Labaran ya zuba masa shayi ba sukari, ya gyara tabarau, ya buɗe waya, ya soma fassarawa a tsanake kamar mai karanta wasiyya.

Ga yadda abin yake. Mahfuza, 'yar farin Dikko, tana gama digiri na biyu a wata jami'a a nan Dubai, a kan adabin Japan. Lokacin da ta zaɓi fannin bai hana ba, don ya ɗauka za ta iya yaren ta riƙa rubuta masa wasiƙa zuwa dilolinsa. Ashe ba nan ta dosa ba. Marubutan da take nazari waɗansu ne da ke ɗauko rayuwarsu ta gaske, da abin kunyarsu da na gidansu, su canza suna su ce labari ne. Ita ma sai ta gwada hannunta, ta rubuta irinsa, mujallar jami'a ta buga. Labarin wata Saratu ne, mai uba mai sayar da inji, mai tabo a babban yatsan hagu, mai shan shayi ba sukari. Dikko ya dubi yatsansa, ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ajiye.

Uban nan na cikin labari, tun da aka haifi Saratu bai taɓa faɗin sunanta ba. Sai "ke", sai "yarinyar nan". Kwalayensa kuwa kowanne sai ya rubuta masa addu'ar tsari da Larabci, mahfuz, wato abin da Allah ya kiyaye.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ke yawo a zauren 'yan kasuwar Kano na waya shi ne sharhin da wani Dakta Muhyiddeen ya rubuta a kan labarin. Bahaushe ne, malami a wata jami'ar dabam a garin. Ya ce irin wannan rubutu ma'auninsa ɗaya ne tun a Japan, yawan gaskiyar da marubuci ya iya fiddawa ba tare da ya rufe fuska ba, kuma yarinyar ta cika ma'auni. Ya ce duk wanda ya karanta ya san ba ƙirƙira ba ce. Ya ce uban hoto ne na namijin Arewa, wanda kwalin inji ya fi 'yarsa daraja a wurinsa, tun da kwali ya samu addu'a ita ko suna ba ta samu ba.

"Ya ce kuma zuciyarka kamar injin da ya buga," in ji Labaran. "Nan dai ya yi fasaha, a ba shi."

Dikko ya tambaya ko shi Daktan ya san shi. Labaran ya ce a'a. Ko ya taɓa taka sitonsa? A'a. Ko ya taɓa cin tuwo a gidansa? Labaran ya ce shi dai fassara aka sa shi, ba alƙalanci ba, amma ya sani Zailani mai yadi ya tura wa mutanen Kwari, su kuma sun tura Jidda.

Dikko ya tashi bai yi maganar lodin ba. A cikin jirgin ƙasa na metro yana tsaye riƙe da ƙarfe, ransa na tafasa. Shi da ya biya wa yarinyar nan makarantar da 'ya'yan Larabawa ke yi. Shi da bai taɓa ɗaga mata hannu ba. A ce wani yaro da bai san farashin fistan ba ya zauna a ƙarƙashin na'urar sanyi ya auna zuciyarsa a sikeli, ya buga sakamako duniya ta gani. Kuma a kan me? A kan kunyar 'yar fari, abin da ko jaririn Bafulatani ya sani. Shi kansa Dikko ba sunansa ba ne, Usmanu ne. Ana kiransa Dikko ne don shi ne na fari, kuma mahaifinsa har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Usmanu ba. Wa ya taɓa cewa tsohon nan ba ya sonsa?

Ya tarar da matarsa Hajiya Wasila tana tsince shinkafa a falo. Kallo ɗaya ta yi masa ta san labari ya iso. Ta ce ita ma sai jiya ta ji, ta rasa ta inda za ta soma. Ya ce ta kira masa yarinyar nan.

Mahfuza ta fito daga ɗaki, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna a ƙasa kusa da uwarta. A bayanta, ta ƙofar da ta bari a buɗe, ana hango akwatuna biyu a kan gado. Saura mako uku ta tafi Japan, an ba ta gurbin karatun dakta, shekara huɗu.

Bai dube ta ba, bango ya duba, ya tambayi wace ce Saratu. Ta ce Saratu ba kowa ba ce, mutum ce ta cikin labari. Ya ɗaga babban yatsansa na hagu ya tambaya ko wannan ma na cikin labari ne, don shi dai ya san injin da ya datse shi, da ranar, da asibitin.

Sai ta soma yi masa bayani, a hankali, da ladabi, irin ladabin da ke ƙara wa mutum haushi. Ta ce kimanin shekara ɗari da suka wuce wasu marubutan Japan suka gaji da ƙaga sarakuna da jarumai, suka ce abin da mutum ya sani da gaske shi ne kansa. Sai su rubuta "shi", amma kowa ya san "ni" suke nufi. Ta ce masu sharhi har yau ba su daidaita a kai ba. Wasu na cewa wannan shi ne rubutu mafi gaskiya. Wasu na cewa ba labari ba ne, tonon asiri ne kawai, kuma ya ƙuntata adabi ya mai da shi ɗaki ɗaya da mutum ɗaya a ciki yana kallon cibiyarsa. Wasu kuma na cewa mai karatu ne ke mai da shi gaskiya, tun da shi ke leƙen marubuci ta bayan labarin.

Dikko ya ce shi dai ya ci abinci da mutanen nan shekara da shekaru. Dilansa na Nagoya matarsa ta mutu, sai bayan shekara uku ya ji, shi ma a bakin direba. Mutanen da ko atishawa sai sun nemi gafara, su ne za a ce suna da masu tuɓe wando a kasuwa? Ta ce wataƙila shi ya sa, Baba, abin da baki ya kasa sai takarda ta ɗauka.

"To na ji," in ji shi. "Wanda ya tuɓe nasa, nasa ne, tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma mutum ba shi kaɗai yake kwana a gida ba. Idan ya yaye bargo, da na matarsa da na ubansa yake yayewa. Su, wa ya tambaye su?"

Ta ce wannan magana ita ce babi na uku a kundinta, kusan kalma da kalma.

Nan ne ransa ya ƙara ɓaci. Wato ta sani. Ta zauna ta rubuta babi guda a kan cutar da ake yi wa iyaye, malamai sun sa mata hannu, sannan ta juyo ta yi wa nata uban. Ya ce wa Hajiya ta ga irin karatun zamani, likita ya rubuta littafi a kan guba sannan ya zuba maka a fura.

Amma akwai tambayar da ke cinsa tun daga ofishin Labaran, wadda ta fi zagin Dakta da dariyar Deira. Bakinsa ba zai iya yi mata ita kai tsaye ba, sai ya bi ta kan uwarta. Ya ce Hajiya ta tambaye ta, abin nan da ta rubuta, don a ba ta maki ne, ko haka take gani a ranta.

Mahfuza ba ta jira an maimaita ba.

"Baba, na san kunya ce. Umma ta gaya mini tun ina ƙarama, na kuma karanta a littafi. A ƙwaƙwalwa na sani. Amma ranar da aka ba ni kyauta a makaranta ina 'yar shekara tara, uban kowa na ɗaga 'yarsa yana cewa habibti, wato masoyiyata, kai ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, ke, mu tafi. Ban ce ba ka sona ba. Na ce ban taɓa gani ba."

Ta tashi ta koma ɗaki. Hajiya Wasila ta ci gaba da tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, su a Dambatta suka tashi inda kowa ya san ma'anar shirun uba, ita kuwa yarinyar a Deira ta tashi, a tsakiyar masu sumbatar 'ya'yansu a titi. Ta ce shiru ma yare ne, kuma ba su koya mata ba.

Kwana biyu Dikko yana zuwa sito yana dawowa. Ya kwance inji guda lafiyayye ya sake ɗaurawa. Abin da ya tsaya masa shi ne akwatunan nan biyu. Shekara huɗu a ƙasar da ya san sanyinta, ga shi ya ba sittin baya da hawan jini, yarinya za ta tafi da wannan a ranta, kuma ta bar shi a rubuce. Ya tuna kuma, abin da ya fi komai ƙona shi, cewa ƙaryar kwalin daga bakinsa ta fito. Tana 'yar shekara takwas ta zo sito ta nuna haruffan ta tambaya. Wani Basudane mai gadi ya ce mata mahfuz ne, addu'a ce. Ta juyo ta dubi ubanta, shi kuwa kunya ta kama shi a gaban ma'aikata, ya ce haka ne.

Ran Alhamis Hajiya ta faɗa masa, kamar ba da gangan ba, cewa da la'asar akwai taro a jami'ar, Dakta Muhyiddeen zai gabatar da sharhinsa a gaban malamai, ita kuma za ta mai da jawabi. Dikko ya ce Allah ya ba da sa'a. Bayan azahar ya sa farar shaddarsa da hular da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya bi ta sito, ya sa wuƙa ya yanko gefen wani kwalin giyabos mai maiƙo, ya tari tasi.

Ɗakin taron bai kai sitonsa rabi ba. Mutum kamar talatin, ɗalibai Larabawa da Indiyawa da 'yan Najeriya kaɗan, a gaba kuma wata dattijuwa 'yar Japan mai furfura, malamar da ke duba aikin Mahfuza. Ya zauna a kujerar baya da kwalinsa a kan cinya. Daktan siriri ne, mai kwat, bai fi talatin da biyar ba, yana magana yana murza zobe. Dikko bai kama komai ba sai kalmar uba da kalmar kwali, su kuwa sun dawo sun fi sau goma. Da aka ce ko akwai mai tambaya, ya miƙe.

Mahfuza ta waiwayo, ta gan shi, ta dafe baki.

Ya yi sallama da Hausa, ya ce shi ne mai tabon yatsa. Ya ce Turancinsa na sayen inji ne, don haka yana roƙon Dakta, tun da Bahaushe ne, ya fassara wa jama'a abin da zai faɗa, kada ya rage kada ya ƙara, 'yan Najeriyar da ke nan shaida ne. Daktan ya dubi malamar, ta gyaɗa kai. Haka Daktan ya tsaya yana fassara zagin kansa da bakinsa.

Dikko ya ce shi idan aka kawo masa inji aka ce lafiyayye ne, ba ya saye sai ya buɗe ya duba, ko da mai shi ya rantse da Alƙur'ani, ba don maƙaryaci ba ne, don mutum ba ya sanin duk abin da ke cikin motarsa. Ya ce yarinyar nan ta faɗi abin da ta gani, bai ƙaryata ta ba. Amma Dakta ya ji shaida ɗaya ya yanke hukunci, kuma ba a kan Saratu da ubanta ya yanke ba, a kan mutum mai rai ya yanke, mai lambar waya, wanda daga nan zuwa sitonsa tafiyar minti ashirin ce. Ya ce idan labari ne, a bar shi a labari. Idan kuma gaskiya ce kamar yadda Dakta ya rantse, to ai gaskiya tana da maƙwabta, a tambaye su.

Sannan ya tambayi Daktan ko shi ne na fari a gidansu. Ya ce a'a, na huɗu ne. Dikko ya ce to ya buga wa babban yayansa waya ya tambaye shi sau nawa ubansu ya kira sunansa. Wasu 'yan mata biyu a gefe suka ƙunshe dariya. Daktan ya fassara wannan ma, muryarsa ta ragu.

Dikko ya tako gaba ya miƙa masa kwalin ya ce ya karanta. Daktan ya ce mahfuz, kamar yadda yake a labarin.

"Ƙara wasali ɗaya a ƙarshe," in ji Dikko. "Kai ne dakta."

Daktan ya motsa leɓe, bai fitar da sauti ba. Dikko ya sa yatsa a kan 92. Ya ce da can lambarsa DK ce, duk Ƙofar Ruwa sun sani. Watan da aka yi suna a gidansa ya canza, cikin shekarar 92 ɗin. Ya ce bakinsa ba zai faɗa ba, yau ma ba zai faɗa ba, ko za a ba shi Dubai da abin da ke cikinta. Amma hannu ba shi da kunya. Shekara ashirin da shida, kwali nawa, kwantena nawa, shi bai ƙirga ba. Ma'aikatan tashar Nagoya sun san sunan nan, na Jabal Ali sun san shi, 'yan dakon Apapa sun haddace shi. Dakta ne kawai, da ya fi su karatu, ya gan shi ya ce addu'ar ƙarfe ce.

Wannan karon Daktan bai fassara ba. Mahfuza ce ta tashi ta fassara, har ta kai ƙarshe. Dattijuwar 'yar Japan ta miƙe ta sunkuya masa, ta yi wata 'yar magana. Mahfuza ta ce tana roƙon ko zai bar kwalin a ɗauki hotonsa a sa a mujalla kusa da labarin.

"Khalas, shi ke nan," in ji Dikko. Ya fizge kwalinsa daga hannun Dakta. Ya ce bai zo ƙara musu babi ba.

A waje rana ta yi sanyi kaɗan. Yana tafe tana biye da shi taku biyu a baya, kamar yadda ta saba. Da suka isa inda ake tsayar da tasi ta matso ta kama gefen kwalin, ba ta ja ba, ta riƙe kawai. Ya bar mata. Ta daɗe tana kallon haruffan, maiƙo ya ɓata mata hannun riga ba ta kula ba. Can ta ce, Baba, labarin yanzu bai cika ba, ko zai yarda ta sake rubuta ƙarshensa.

"Ke!"

Direban tasin da ya tsaya ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Ita kuwa dariya take, hawaye na zuba.

Akwatunanta shi ya ɗaure su da igiyar sito, ya ce ɗaurin mata ba ya kai Japan, kuma kowanne sai da ya zana masa da'irarsa da haruffansa. Bayan tafiyarta da wata guda Labaran ya sake zuba masa shayi ba sukari ya gyara tabarau. Dakta Muhyiddeen ya fitar da sabon sharhi, ya janye na farko. Yanzu ya ce uban hoto ne na namijin Arewa mai zurfin ƙauna, wanda zuciyarsa ke magana da alƙalamin kwali.

Dikko ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko a cikin wata gudan nan Daktan ya nemi lambarsa. Labaran ya ce bai ji ba.

"Ka gani ko," in ji Dikko. "Jiya ni mugu, yau ni waliyyi, kuma har yanzu bai taka sitona ba. Rufe wayar nan, yaushe ne lodi?"